Ɗamarar Ƙirji ta Kare: Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓe da Ɗaurawa

Waɗannan su ne tambayoyin da masu kare suka fi maimaitawa, tun daga wanda bai taɓa riƙe ɗamara a hannunsa ba har zuwa wanda ya sayi kala-kala babu wadda ta zauna wa karensa. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu ɗan zurfi. Inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna.

Mece ce ɗamarar ƙirji, kuma me ya raba ta da abin wuya?

Maɗaurai ne da aka harhaɗa, galibi na nailan, wani lokaci na fata, suna zagaye ƙirjin kare da kafaɗunsa, da zoben ƙarfe inda ake maƙala igiya. Abin wuya kuwa zagaye ɗaya ne tak. Bambancinsu yana fitowa ne lokacin da igiya ta miƙe. Da abin wuya, duk ƙarfin fizgar yana sauka a ɗan siririn wurin da maƙogwaro da manyan jijiyoyin jini suke. Da ɗamara, ƙarfin yana bazuwa a kan ƙashin ƙirji da haƙarƙari, waɗanda suka fi wuya iya ɗauka nesa ba kusa ba.

Dole ne kowane kare ya sa ɗamara?

A'a. Karen da ya saba tafiya a gefenka igiya a sake, abin wuya mai faɗi ya ishe shi.

Amma akwai karnukan da likitocin dabbobi suka fi son a raba wuyansu da igiya gaba ɗaya. Akwai ƙananan karnuka irin su Chihuahua da Pomeranian da Yorkshire terrier, waɗanda maƙogwaronsu yake saurin lotsewa. Alamar hakan busasshen tari ne mai ƙara, wanda yake tashi idan an ja igiya ko kare ya yi zumuɗi. Akwai masu gajeren hanci irin su pug da bulldog, waɗanda dama can numfashi da ƙyar suke yin sa. Akwai kuma mai ciwon ido. Wani bincike da aka wallafa a 2006 a mujallar ƙungiyar asibitocin dabbobi ta Amurka ya gano cewa matsin da ke cikin idon kare yana hawa idan an ja shi ta abin wuya, alhali bai hau haka ba da aka ja ta ɗamara. Sai karen da ya taɓa jin ciwo a wuya, da wanda yake ja har ka ji yana kakari. Duk waɗannan ɗamara ce tasu.

Iri nawa ne, kuma wacce ta fi?

Tsaya a gaban kare ka dubi ƙirjinsa, siffar maɗauran za ta gaya maka irin da ke jikinsa. Akwai mai siffar harafin Y: maɗaurai biyu sun sauko ta gefen wuya sun haɗu a kan ƙashin ƙirji, daga nan ɗaya ya bi ta tsakanin ƙafafun gaba ya tarar da wanda ya zagaye haƙarƙari. Akwai mai maɗauri ɗaya a gicciye, wanda ya ratsa ƙirji daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Fitacciyar ɗamarar kamfanin Julius-K9 mai ɗan sirdi a gadon baya irin wannan ginin gare ta, kuma ta fi kowacce saurin sawa. Akwai wadda ake shimfiɗawa a ƙasa, kare ya taka ƙafafunsa na gaba cikin ramuka biyu, a ɗago a ɓalla a baya. Akwai kuma mai ƙirar falmaran, wadda yadi ya rufe ƙirjin duka. Ƙananan karnuka aka fi yi wa ita, kuma tana riƙe zafi, abin da ba ƙaramin aibi ba ne ga dabbar da haki ne babbar hanyar sanyaya jikinta.

Idan yawon yau da kullum ne, mai siffar Y wadda ake iya matsewa da sassautawa a wurare huɗu ko fiye ita ce zaɓin da ba a cika yin nadamarsa ba, domin ana iya gyara wuya daban, ƙirji daban. Wadda ya kamata a guje wa ita ce mai siririyar igiya da ke shiga hamata tana matsewa duk lokacin da kare ya ja. Tana rage ja, gaskiya ne, amma da zafi take rage shi.

Ragamar da ake sa wa kare a hanci wani abu ne daban, ba ta cikin wannan lissafi.

Na ji an ce mai maɗauri a gicciye tana hana kafaɗa motsi. Gaskiya ne?

Maganar tana da tushe. Kare ba shi da ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji kamar yadda yake a jikin mutum. Tsoka ce take riƙe da ƙafarsa ta gaba, kuma allon kafaɗarsa yana zamewa gaba da baya a kowane taku. Ga shi kuma kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa ƙafafun gaba ne suke ɗauka. Don haka duk abin da ya kwanta a kan gaɓar kafaɗa zai iya rage tsawon takunsa.

Sai dai kada a ɗauka mai siffar Y ta tsira kawai don siffarta. Wani ƙaramin bincike da aka wallafa a mujallar Veterinary Record ta Birtaniya ya auna karnuka suna tafiya da sassarfa, ya tarar iri biyun duka sun rage miƙewar kafaɗa. Abin da za a ɗauka daga nan shi ne, mai Y da ta yi faɗi har rassanta suka hau kan kafaɗa ba ta fi mai gicciye komai ba. Zaman ɗamara a jiki ya fi sunanta da siffarta muhimmanci, shi ya sa amsar tambayar "yaya zan gane ta zauna daidai" ta fi sauran tsawo.

Zobe a baya ko a gaba?

Na baya shi ne na kare mai natsuwa, da gudu tare da kare, da doguwar igiya. Ba ya barin igiya ta harɗe ƙafa. Na gaba, wanda yake kan ƙirji, na mai ja ne: da zarar ya fizga, sai jikinsa ya karkato wajenka maimakon ya samu abin turawa. Aibinsa shi ne igiya tana yawan faɗawa tsakanin ƙafafu, kuma idan ɗamarar ta yi sako-sako sai ta dinga juyawa gefe tana gurzar hamata. Mai zobe biyu ta raba gardama. Ana ma yin igiya mai ƙugiya a kowane baki, ɗaya a baya ɗaya a gaba, wadda take taimaka wa mai riƙe da babban kare ƙwarai.

Yaya ake auna kare?

Da tef irin na tela, kare yana tsaye a kan ƙafafunsa huɗu, ba a zaune ba. Awo biyu ake bukata. Na farko zagayen ƙirji, a wurin da ya fi faɗi, wato ɗan bayan hamata. Wannan shi ne babban awon da kamfanoni suke dogara da shi. Na biyu gindin wuya, inda wuya ya haɗu da kafaɗu, ba can sama inda abin wuya yake zama ba. Tef ya kwanta a jiki ba tare da ya nutse ba. Idan kare mai yawan gashi ne, a ɗan danne gashin, in ba haka ba gashi ka auna ba kare ba. Wanda ba shi da tef ya zagaya zare, ya sa alama, ya gwada a kan rula.

Ka rubuta awon da santimita da kuma inci, domin wasu kamfanonin da ɗaya kawai suke aiki; inci ɗaya santimita 2.54 ne.

A jikin kwalin an rubuta nauyin kare. Ba zan iya bin wannan kawai ba?

Nauyi yana gaya maka ƙarfin maɓalli da faɗin maɗaurin da ake bukata, amma ba ya gaya maka ƙirar jiki. Bulldog da whippet, wani siririn kare mai gudu, za su iya zuwa kusa da juna a kan sikeli, amma ɗaya ƙirjinsa faɗi ya yi, ɗayan zurfi. Haka kuma "matsakaiciya" ta wannan kamfani ba ita ce ta wancan ba, don haka kowane saye sai an koma teburin awo na kamfanin. Idan awonka ya faɗa tsakanin lamba biyu, yawanci babbar ta fi, muddin za a iya matse ta har ta zauna. Mafi kyau awon karenka ya faɗo tsakiyar abin da ɗamarar take iya ɗauka, ta yadda ko ya yi ƙiba ko ya rame akwai sauran wurin gyara.

Yaya zan gane ta zauna daidai?

Fara da sassauta duk maɗauran, ka sa masa, sannan ka dinga matsewa kaɗan-kaɗan, dama da hagu daidai wa daida, don kada zoben baya ya karkace daga kan ƙashin baya. Ƙa'idar da aka sani ita ce yatsu biyu: su shiga a kwance tsakanin maɗauri da fata a ko'ina, amma kada dunƙulen hannu ya shiga. Ga ɗan mitsitsin kare yatsa ɗaya ya isa.

Daga nan sai wurin zaman kowane maɗauri. Shafa gaban ƙirjin kare daga wuya zuwa ƙasa, za ka ji wani ƙashi ya ɗan turo a tsakiya. A kansa mahaɗar Y za ta zauna. Idan ta hau sama ta kwanta a taushin maƙoshi, ka dawo gidan jiya, abin wuya ne kawai mai tsada. Idan ta zazzago ƙasa, rassan sun hau kafaɗa. Maɗaurin da ya zagaye haƙarƙari kuwa kamar majayin sirdi yake: ya matso gaba ya ci hamata, ya ja baya ya danne ciki. A bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakaninsa da gwiwar ƙafar gaba ga ƙaramin kare, kusan faɗin tafin hannu ga babba, amma lallai ya tsaya a kan ƙashi. Kare yana da haƙarƙari 13 a kowane gefe. Lalubo na ƙarshe, maɗaurin kada ya wuce shi. Maɓallan roba su ma kada su faɗo daidai bayan gwiwa.

Gwaji na ƙarshe sai kare yana motsi, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Sa shi ya zauna, ya kwanta, ya sunkuyar da kai yana shinshina ƙasa. Ɗamarar da ta yi kyau a tsaye tana iya shaƙe shi idan ya sunkuya. Sannan wani ya ja shi ku yi 'yar tafiya, kai kuma ka ɗauki bidiyo da waya daga gefe, ka sake ɗaukar wani babu ɗamara. Kwatanta su. Idan takunsa ya gajarce, ko yana buɗe gwiwa waje, ko ɗamarar tana lilo daga gefe zuwa gefe, ba ta zauna ba, ko da kuwa yatsu biyun sun shiga.

Karena yana ja kamar zai fizge mini hannu. Ɗamara za ta hana shi? Wasu kuma sun ce ita ce ma take koya wa kare ja.

Ba ta koya masa, ba ta kuma hana shi. Kare yana ja ne don takunsa ya fi naka sauri, kuma ja yana kai shi inda yake so. Abin da yake gaskiya a maganar mutanen shi ne, ɗamara mai zobe a baya tana sa jan ya zo masa da sauƙi. Ai ta baya ake ɗaure karnukan da ke jan keken ƙanƙara. Zoben gaba yana rage masa wannan ƙarfi, kamar yadda aka yi bayani a tambayar zobe, ya ba ka sararin koyarwa. Koyarwar kuwa ba makawa sai ka yi ta.

Hanyar ba ta da wuyar fahimta, haƙuri take ci. Igiya ta miƙe, ka tsaya cak. Kada ka fizga, kada ka yi tsawa. Da ya waiwayo ko ya dawo igiya ta saki, ka yaba masa, ka ba shi 'yar loma a daidai gefen ƙafarka, ku ci gaba. A fara a wurin da babu abin ɗauke hankali, minti biyar zuwa goma. Abin da yake rusa aikin shi ne yau a tsaya, gobe ana sauri a bar shi ya ja, ko kai ka hana wani a gidan ya ƙyale.

Da ya ga ɗamara sai ya gudu ya ɓuya. Me zan yi?

Da farko ka tabbatar ba ciwo take ji masa ba. Duba amsar kurjewar fata a ƙasa. Idan jikinsa lafiya lau, yawanci abu biyu ne: sunkuyowar mutum a kansa da abu a hannu, da ƙarar maɓalli a kusa da kunnensa. Ajiye ɗamarar a ƙasa ya shinshina, ka ba shi loma. Kashegari ka riƙe ramin wuyan a buɗe, lomar tana ɗaya gefen, ya zura kansa da kansa. Kada ka tura masa. Ɓalla maɓallin a hannunka daga nesa, loma ta biyo, har ƙarar ta zama albishir a wurinsa. Sannan ya sa ta na ɗan lokaci a gida ana wasa. Wani karen kwana biyu ya gama, wani sai ya yi makonni. Wanda sam ba ya son abu ya bi ta kansa, a nemo masa mai maɓalli a wuya ko wadda ake takawa.

Yana zamewa ya fita daga ciki. Ta yi masa yawa ne?

Sau da yawa haka ne, musamman ramin wuya. Amma ka lura da yadda abin yake faruwa: kare ya tsorata, ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya miƙe ƙafafun gaba, kai kuma kana gabansa kana ja. Da hannunka kake tuɓe masa ita. Idan ya fara haka, sassauta igiya ka matsa gefensa ko bayansa.

Karnuka masu zurfin ƙirji da siririn ƙugu da ƙaramin kai, irin su greyhound da saluki, da kuma karen da aka ɗauko sabo mai yawan firgita, ɗamara mai maɗauri na uku ake sa musu. Na ukun yana zama a bayan wurin da ƙirji ya fi faɗi, don haka ba ya iya wucewa gaba. Kafin a samu, a haɗa zoben ɗamara da abin wuya da 'yar gajeriyar ƙugiya, ko da ya fita daga ɗaya yana cikin ɗaya.

Gashin bayan hamatarsa ya zube, wurin ya yi ja. Me ya kawo haka?

Gurza ce. Ko maɗaurin ya matso hamata da yawa, ko ya yi sako-sako yana kai da komo, ko kuma yashi da danshi sun taru a ƙarƙashinsa. Karnuka masu gajeren gashi sun fi fama da wannan. Cire ɗamarar har wurin ya warke, sannan ka sake bin matakan zama daidai. Soso mai laushi a jikin maɗauri yana taimakawa, amma ba ya gyara maɗaurin da ke wurin da bai kamata ba. Idan fata ta fashe, ko tana ruwa, ko tana wari, sai likitan dabbobi.

Ɗan kwikwiyo fa, yaushe zai fara sawa?

Tun yana da kamar mako takwas ana iya fara saba masa da marar nauyi a cikin gida. Kada ka sayi babba don "zai girma ya cike ta"; kafin ya cike ta ya koyi fita daga ciki. Kowane mako a sake gwajin yatsu biyu. Ƙananan karnuka sukan gama girma wajen shekara ɗaya, manya-manyan kuwa har wata 18 zuwa 24, don haka ka sa a ranka za a sauya ɗamara fiye da sau ɗaya, kuma ta farkon ba ta bukatar tsada.

Zan iya barinta a jikinsa duk yini?

Gara a cire idan an dawo. Tana cukurkuɗa gashi, tana riƙe danshi, tana ɓoye kaska, kuma tana iya maƙalewa a keji ko shinge. Idan karnuka biyu suna kokawar wasa, haƙori ko muƙamuƙin ɗaya yana iya shiga maɗaurin ɗayan. Ga kuma tauna: karen da ya gaji da zama minti kaɗan ya ishe shi ya raba maɗaurin ƙirji biyu.

In yana da ɗamara, sai a jefar da abin wuya?

A'a, a bar shi ya ɗauki alamar suna da lambar waya, igiya kuma ta koma ɗamara. A wasu ƙasashen ma doka ce. A Birtaniya dokar 1992 ta wajabta wa kare a bainar jama'a ya sa abin wuya mai ɗauke da sunan mai shi da adireshinsa.

Wace igiya ce ta dace da ita?

Ta yau da kullum mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu ta wadatar. Doguwa mai mita biyar ko goma a zoben baya kawai ake maƙala ta, ba a wuya ba, ba a gaba ba, domin karen da ya kwaso gudu ya kai ƙarshenta yana iya wuntsilawa. Igiya mai naɗe kanta ba ta jituwa da zoben gaba: kullum a ɗan miƙe take, don haka kullum tana karkata kare, kuma darasin da ake so ya koya, wato igiya a sake, ba zai taɓa ɗanɗana shi ba.

Ɗamarar yawo za ta yi aikin bel a mota?

Za ta hana shi yawo a cikin mota, amma wannan daban, kariya a lokacin hatsari daban. A 2013 cibiyar Center for Pet Safety ta Amurka, mai bincike kan tsaron dabbobin gida, da tallafin kamfanin motoci na Subaru, ta gwada ɗamarun da ake sayarwa musamman don mota, kuma da yawansu ba su riƙe ba: ɗinki ya ɓarke, maɓalli ya karye, ko gunkin karen da aka yi gwajin da shi ya tashi daga kujera. In waɗanda aka yi don mota sun gaza, ta yawo ba a maganarta. Nemi wadda aka yi wa gwajin karo kuma aka bayyana wanda ya yi gwajin, kare ya zauna a kujerar baya, kuma kada a taɓa ɗaure shi da bel ta abin wuya.

Yaya ake wanke ta, kuma yaushe ake sauyawa?

Ta nailan da hannu, da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye sosai don ragowar sabulu tana sa ƙaiƙayi, a shanya a inuwa. Zafin injin busarwa yana lalata roba. Ta fata a goge ta da ɗanyen tsumma a shafa mata man fata. Bayan wanki a sake gwada zamanta, domin maɗaurai suna zamewa.

Lokaci-lokaci ka duba wurare uku: ɗinkin da ya riƙe zobe, haƙoran maɓalli, da bakin maɗauri inda yake gogar ƙarfe. Maɓallin da ya daina yin ƙara mai kyau idan an ɓalla, ko yake buɗewa idan ka ja da ƙarfi, ya gama aiki. Haka zoben da mahaɗarsa ta fara buɗewa ko ya yi tsatsa, da maɗaurin da ya fara zare ko aka tauna ko da rabinsa ne. Irin wannan ba a ɗinke shi da allura a gida a ci gaba da fita da shi bakin titi. Sabuwa ake saye, kuma a sake auna karen kafin a saya, don awon bara ba lallai ya zama na bana ba.